Na Je Italiya da Sanyi Ɗauko 'Yata

Ni dai a inda na tashi, ba a zuwa bakin teku da zafi. Duk ɗan Madina ya san haka tun yana yaro. Da zafi ɗaki ake shiga, a kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a saki labule, sai bayan magariba a leƙo waje. In sanyi ya shigo kuwa, to lokacin fita ya yi. A naɗe farsha, wato shimfiɗarmu ta zama, a jefa a bayan mota, a cika tarmus biyu, ɗaya shahi da na'ana, ɗaya gahawa, a kama hanyar Yanbu. A shimfiɗa a bakin ruwa a miƙe ƙafa, duk wanda ya gifta a ce masa tafaddal, wato bismillah. Haka mahaifina ya yi da mu, haka maigidana, Allah ya jiƙansa, ya yi da ni da 'yarmu har ƙarfinsa ya ƙare. Shi ya sa ranar da 'yata ta ce mini a waya, "Ummi, in za ki zo Italiya ki bari sai da zafi," dariya na yi mata. Na ce wane mahaukaci ne ke zuwa teku da zafi? Ta ce can ba kamar nan ba ne. Na ce teku dai teku ne, kuma na riga ta saninsa.

Ita kaɗai Allah ya ba ni. Ta tafi birnin Janowa karatun zanen jiragen ruwa, wai ita ke tsara yadda cikin jirgi zai kasance, inda za a kwana da inda za a ci abinci. Saura 'yan watanni ta gama. Tunda shekarar ƙarshe ta kama na lura da wani abu: duk sanda na ce "in kin dawo," sai ta tambaye ni gwiwata, ko ta ce malaminsu na kira. Ni kuma ga ni zaune ni kaɗai a gidanmu na haya a unguwar Sultana, a saman bene, can hawan ƙasa shaguna, hayaniya har cikin kunne, amma babu wanda zan ce wa miƙo mini gishiri. Na yi ritaya daga filin jirgin Madina, inda na ƙarar da ƙuruciyata a ɓangaren mata ina yi wa alhazanmu tafinta, ina nuna wa tsofaffi inda za su bi. Na tarbi duniya, na raka duniya, ni ban taɓa fita daga ƙasar ba.

Don haka kada wani ya ɗauka yawon buɗe ido ne ya kai ni. Maƙwabta na gaya wa zan je ganin ƙauyukan nan da take turo mini hotunansu, gidaje ja da rawaya a liƙe jikin dutse, teku a ƙarƙashinsu. Amma abin da ya kai ni ɗaya ne: in zaunar da ita a kan farsha a bakin ruwa, in zuba mata shahi, in tambaye ta ko za ta dawo gida. A gidanmu ba a yin babbar magana a cikin ɗaki. Maganar aurena a bakin tekun Yanbu mahaifina ya yi mini ita. Maganar tafiyarta karatu ma a can ta same ni, ina ɓare gyaɗa, na ce na yarda. Maganar dawowarta ba zan yi ta a waya ba. Zuwa da kai ya fi aike.

Ta tarbe ni a filin jirginsu, ta rame, ga wata ƙatuwar rigar sanyi ta shanye ta. Ta rungume ni ta daɗe. Ta ga farsha a naɗe a saman akwatina, ta kalle ni, ta kalli farshar. A mota take gaya mini cewa wannan watan na jarrabawa ne gaba ɗaya, daga ɗakin karatu sai ɗakin zane. Da Larabci take yi mini magana kamar kullum, ni ina yi mata Hausa, haka muka saba tun tana ƙarama, kowa da bakinsa kuma muna jin juna. Ta ce, "Na gaya miki, Ummi." Na ce na ji, ba sai an maimaita ba. Ta ce ranar da ta rubuta ta ƙarshe, wato ana jibi zan koma, za ta raka ni duk ƙauyen da nake so. Kafin nan in zauna a ɗaki in huta.

In zauna a ɗaki? Ɗakin da in ka miƙe hannu ka taɓa bango biyu, ga abokiyar zamanta na shiga da fita tana yi mini murmushin da ake yi wa mara lafiya. Zaman ɗaki ai shi na baro a Sultana. Na ce ta nuna mini jirgin ƙasa kawai. Ta yi ta magiya, na ƙi. Daga ƙarshe ta sa mini sunayen tashoshin a jawwal ɗina, wato wayar hannu, sunayen da har yau harshena bai iya ɗaukarsu ba, ta nuna mini inda ake buga tikiti. A raina na ce gara ma, in je in zaɓi wurin da ya fi dacewa da maganar.

Washegari na dafa shahina da na'anar Madina da na taho da ita a bushe, na cika tarmus, na rungumi farsha na shiga jirgi. Jirgin nan cikin dutse yake tafiya. Duhu, duhu, sai ka ga teku ya ɓullo ta taga kamar an ɗaga labule, kafin ka ce bismillah an sake shiga duhu. A tashar ƙauyen farko ni kaɗai na sauka. Na tsaya ina jiran sauran mutane su fito, jirgi ya rufe ƙofa ya tafi.

Gidajen dai su ne na hoto, ba a yi mini ƙarya ba. Ja, rawaya, ruwan goro, ɗaya bisa ɗaya har sama. Amma kowace taga a rufe da marufin katako kore. Shaguna an ja ƙarfe an sa kwaɗo. Kujerun gidajen abinci an kifa su an ɗaure da sarƙa. Jiragen kamun kifi an jawo su daga ruwa an jera a tsakiyar titi, an lulluɓe da tamfol. Na bi titin har ƙasa ina jin takun takalmina, ni da a Sultana ko tarin kaina ba na ji. Kyanwa ɗaya ta biyo ni, ta ga ba kifi na riƙo ba, ta koma. Tekun kuwa ba irin namu ba ne da ke kwance lumui. Toka-toka ne, yana dukan duwatsu yana watso ruwa har kan titi, ga iska mai shiga ƙashi. Nan na tuna da maganar yarinyar nan. Kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Haushin kaina ya kama ni, na rasa wanda zan sauke wa, sai na yi wa tekun tsaki.

Amma tunda na zo, na zo. Na sami lungu bayan wani jirgi inda iska ba ta kai sosai, na shimfiɗa farsha, na danne gefunanta da takalmana da tarmus, na zauna na zuba shahi. Kofi biyu na fito da su, don ban iya fita da ɗaya ba. Can sai ga wani dattijo da kare. Na ɗaga masa kofi na ce tafaddal. Ya taɓa hularsa, ya ƙara sauri. Wata mata ta wuce da jakar cefane, na ɗaga mata, ta kalli ƙasa. Ban ji zafi sosai ba, na ce baƙunta ce.

Wanda ya ba ni haushi wani magidanci ne mai rigar aiki, da alama shi ke kula da jiragen. Ya tsaya daga nesa yana kallona, ya tafi, ya dawo da bargo da burodi a takarda. Ya durƙusa yana yi mini magana a hankali, yana nuna teku, yana nuna ni, yana haɗa hannu. Sai da ya maimaita na gane. Ya ga baƙar mace a ƙasa a bakin ruwa cikin sanyi, ya ɗauka teku ne ya jefo ni, irin bayin Allahn da ke tsallakowa a kwale-kwale. Jinina ya hau. Na ce masa da Hausa, "Kai malam, da jirgin sama na zo, kujerar taga ma." Na zaro fasfo na kaɗa masa a fuska. Bawan Allah ya ja da baya, fuskarsa ta yi ja, ya tattara bargonsa. Bayan ya tafi kunya ta kama ni, don ba da sharri ya zo ba, kuma waɗanda ya ɗauka ni ce su ba su fi ni laifin komai ba. Burodin ya bari a gefen farsha. Mai mai ne da gishiri a sama, da ɗuminsa. Na cinye shi tas.

Haka na yi ta yi. Kullum da safe ita ta tafi jarrabawa, ni in tafi ƙauye na gaba. Duk kusan ɗaya suke: matakala, matakala, matakala, kamar waɗanda suka gina su ba su san za su tsufa ba. Gwiwata ta kumbura. Hanyoyin da ke bin gefen dutse daga ƙauye zuwa ƙauye an tare su da shinge, wai ruwan sama ya zubo da ƙasa. In ka yi sa'a ka sami shagon gahawa ɗaya a buɗe, da tsofaffi maza a ciki suna kallon talabijin, in na shiga su yi shiru har in fita. Lokacin salla jawwal ke kira mini, ya nuna mini alƙibla, in yi a kan farsha da alwalar da na riƙo tun daga gida, don ruwansu ba ya taɓuwa. Ni da na tashi ina jin kiran sallar Harami daga tagar kicin, ga ni ina jin sa daga aljihu. Ƙararrawar coci ta buga, babu wanda ya fito. Kafin la'asar ta yi nisa gari ya fara duhu. Wallahi kaɗaicin Sultana wasa ne. A can aƙalla ina da mai shagon ƙasa da nake yi wa faɗa kan tumatir.

Da yamma in koma in dafa mata abinci. Ta shigo a gajiye, ta ci da littafi a gaba, ta ce, "Yaya ƙauyen, Ummi?" In ce lafiya lau, da kyau. Ta ce, "Babu kowa ko?" In ce akwai mutane daidai gwargwado. Maganar da ta kawo ni tana nan, ban yi ta ba. Sau da yawa na kusa saki, sai in kalli bangon nan da ke matse mu, da abokiyar zamanta tana wanke kwano a bayanmu, in ce a'a, ba a nan ba.

A wani ƙauye da ke can saman dutse na ga taga ɗaya a buɗe, da shanya a igiya: zanen gado ɗaya, safa, rigar tsohuwa. Na sauka bakin ruwa na yi shimfiɗata. Ban daɗe ba sai ga mai shanyar, tsohuwa ce gajeriya cikin baƙaƙen kaya, ta girme ni nesa ba kusa ba, tana dogara sanda. Ta tsaya a kaina tana shaƙar iska. Na'anar ce ta kamo ta. Na ɗaga kofi ba tare da na sa rai ba, sai ta karɓa. Ba ta iya zama ƙasa ba, ta ɗosana a gefen wani jirgi. Ta kurɓa, ta lumshe ido, ta yi wata doguwar magana. Na ce mata, "Ai na'anar Madina ce, Hajiya, babu irinta." Ta gyaɗa kai kamar ta ji. Muka yi ta hira haka, ita da yarenta ni da nawa, kuma rabon da in ji daɗin hira irin wannan na manta.

Da ta shanye ta ja hannun abayata, wai in biyo ta. Na naɗe farsha muka kama matakala, tsofaffi biyu, kowa na nishi da yarensa. A ƙofar gidanta ta ɗauko wani tarin makullai a zobe, masu nauyi. Na ɗauka nata za ta buɗe, sai ta wuce gidan kusa. Ta buɗe, muka shiga duhu da warin rima. Ta tura tagogi, ta kunna famfo ya yi tari ya kawo ruwa, ta bar shi ya zuba kaɗan ta kashe. Ta shafa bango ta duba tafinta. Kujeru duk an rufe su da fararen zannuwa. Ta jira iska ta ɗan zaga, ta rufe tagogi, ta kulle. Muka shiga na gaba, haka. Na gaba, haka. Ashe aikinta ke nan duk lokacin sanyi. Masu gidajen sun tafi birane, sun bar mata makullai tana shaƙar musu da ɗakuna iska kada su ruɓe kafin zafi ya dawo da su. A gida na uku ban jira ta nuna mini ba, na je na kunna famfon da kaina. Na san aikin. Abin da nake yi wa ɗakin 'yata ke nan duk Juma'a, in buɗe, in kakkaɓe gado, in kunna mukayyif ya ɗan yi aiki, in kashe in ja ƙofa.

Daga ƙarshe ta kai ni nata. Teburin cin abinci babba, na mutane da yawa, faranti ɗaya a kai. Hotuna a bango. Ta nuna namiji, ta nuna sama. Ta nuna yara uku ɗaya bayan ɗaya, kowanne ta kaɗa hannu can nesa, ta bayan dutse. Sannan ta nuna ni, ta yi alamar jariri a hannu, tana tambaya. Na ɗaga yatsa ɗaya. Ta yi alamar, ina take? Na rasa ta inda zan nuna. Ga ta nan kusa, tafiyar jirgin ƙasa kaɗan, amma hannuna sai ya kaɗa can nesa kamar nata. Tsohuwar ta dafa kafaɗata. Tsoro ne ya kama ni a ɗakin nan, tsoro sosai, don gemun ɗan'uwana na gani yana ci da wuta. Ta cika mini leda da lemon tsami daga bishiyar bayan gidanta, ta raka ni har bakin matakala.

Mu ba ma karɓar abu mu yi shiru. Kwana biyu bayan nan na koma da dabinon ajwa a kwano. Na tarar da tagarta a rufe, babu shanya. Na buga, na buga, shiru. Na zaga titin ko zan ga wanda zan tambaya, ko da hannu ne, babu kowa. Ko asibiti aka kai ta, ko ɗaya daga cikin 'ya'yan ya zo ya ɗauke ta, ko cefane ta tafi wani gari, ban sani ba har yau. Na rataye kwanon a leda jikin ƙofarta yadda kyanwa ba za ta kai ba, na sauka na jira jirgi.

Ranar da ta gama jarrabawa 'yata ta cika alkawari. Na zaɓi ƙauyen farko, don ya fi sauƙin matakala. Allah ya taimake ni ruwa bai sauko ba, har rana ta ɗan leƙo. Na shimfiɗa farsha a lungun nan bayan jirgi. Ta tsaya tana waige-waige, ko wani na kallonmu. Na ce, "Zauna, babu kowa, ai ke kika faɗa." Ta yi dariya, ta cire takalmi ta zauna ta naɗe ƙafa yadda take yi tun tana yarinya. Na zuba mata shahi. Ta riƙe kofin da hannu biyu ta sa hanci a ciki, ta daɗe a haka. Ta san abin da farsha ke nufi a gidanmu. Tun a filin jirgi ta sani.

Ban taɓa kiran sunanta ba, 'yar fari ce. Na ce, "Ke, in kin gama, yaushe za ki dawo?"

Ta ajiye kofin. Ta ce, "Ummi, na sami aiki a nan. Wurin masu ƙera jirage, inda na yi koyon aiki bara. Na riga na amsa musu."

Na san za ta faɗa, amma sani daban, ji daban. Na ce, "A Yanbu babu jirage? Ko tekun Jidda ya ƙafe ne ban ji labari ba?"

Ta ce ba irin aikin ba ne, wanda ta karanta a nan ake yin sa, in ta koma sai dai ta zauna a ofis tana buga takardun wasu. Ta yi bayani mai tsawo, a hankali, ba ta ɗaga murya ba. Ni na ɗaga. Na ce mata abubuwa, na ce ashe tarbiyyar da na yi ta jirgin ruwa ce, a gama ƙerawa a tura teku. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Ki zo ki zauna da ni. Na ga wani gida mai ɗaki biyu, a ƙasa yake, babu bene, saboda gwiwarki. Akwai masallaci ba nisa, akwai mai sayar da naman halal. Na je na duba duka."

Wannan ta fi ta farkon ciwo. Ashe duk watannin da nake kakkaɓe mata gado, ita tana can tana neman mini ɗaki. Ba mantawa ta yi da ni ba. Kowa cikinmu ya shirya wa ɗan'uwansa wuri, kuma na ga a idonta ta sa rai da gaske.

Na ce, "Kakana da ƙafa ya taho daga ƙasar Hausa. Ya yi shekaru a hanya, ya tsaya a Sudan ya yi ƙwadago kafin ya sami na tsallaka ruwa, ya binne 'ya'ya a hanya. Ba don komai ba sai don ya mutu a Madina. Alhazan da na yi wa tafinta, tsofaffi, suna riƙe hannuna suna kuka ranar komawa, suna cewa in roƙa musu Allah ya dawo da su su cika a can. Ni da aka haife ni a ciki, in ɗauki ƙafata in fito?"

Ta ce, "Wa ke maganar mutuwa, Ummi?"

Na ce, "Ni. Shekaruna sun kai in yi ta. Tambaya ɗaya zan yi miki. Wa zai yi mini wanka?"

Ta ce, "Ni mana. Jirgi na tashi kullum. In aka kira ni da safe, kafin gari ya sake wayewa ina Madina."

Na ce, "Kin manta garinku. In na cika da hantsi, da azahar an sallace ni a Harami, kafin la'asar ina Baƙi'a. Ba a jiran jirgi. Kuma ko kin iso, mata ba sa shiga maƙabartar, kin sani. Daga bayan katanga za ki tsaya, babu suna, babu alama, ba za ki san ko ta ina nake ba."

Ba ta musa ba, don ta san gaskiya ce. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Ni kuma na zauna ina jira. Wallahi jira nake ta ce to, Ummi, zan dawo. Na ba ta lokaci, na ƙara mata shahi, na gyara zamana. Teku na ta dukan dutse. Ta matso ta ɗora ƙafata a cinyarta tana matsa mini gwiwa, tana kuka, tana matsawa. Ba ta faɗa ba. Ni ma abin da take jira in faɗa ban faɗa ba. Da sanyi ya fi ƙarfinmu ita ta naɗe farshar, ta riƙe mini har tasha.

A filin jirgi ta ce za ta riƙa zuwa duk hutu. Na ce Allah ya yi miki albarka, kuma har zuciyata na faɗa, don ban iya riƙe ta da fushi ba. Na sauka Madina, tsofaffin abokan aikina na ɓangaren mata suka taso suna yi mini barka da zuwa, 'yar Italiya, ina tsaraba. Na ce ƙasa ce mai kyau, sai dai sanyi.

A benenmu, daidai ƙarƙashin ɗakina, akwai wata mata, asalinsu daga wajen Damagaram, tana cikin masu wankan gawar mata a unguwarmu. Gaisuwa kawai ke haɗa mu a matakala. Bayan na huta kwana biyu na sauka na buga mata ƙofa. Ta shimfiɗa mini, ta kawo gahawa. Na ce, "Yaya, alfarma na zo nema. In tawa ta zo, ke nake so ki yi mini wanka."

Ba ta yi mamaki ba, aikinta ne. Ta ce, "'Yar taki fa?"

Na ce, "Tana can."

Ta gyaɗa kai, ba ta ƙara tambaya a kai ba. Ta ce ta karɓa, in Allah ya sa ba ita ta riga ni ba. Ta tambaye ni inda nake ajiye likkafani, na gaya mata. Sannan ta yi ɗan tunani ta ce, "To amma ke kaɗai ce a sama. Yaya za a yi in sani da wuri? Kin san ba a son a daɗe."

Ban taɓa tunanin wannan ba. Muka ɗaga kai mu biyu muna kallon silin ɗinta, wanda shi ne daɓen ɗakina. Ta ce, "Ki riƙa buga mini ƙasa bayan sallar asuba. In na ji, na san kin tashi. Ranar da ban ji ba, zan hau."

Muciyar tuwo nake amfani da ita, tana jingine a gefen sallayata. In na idar na yi addu'a, na roƙa wa yarinyar nan sa'a a wurin aikinta, sai in ɗauka in buga. Ita kuma ta amsa daga ƙasa da sandar tsintsiya. Yau da asuba ma na buga.